Zaren da Ralitsa Ta Ɗaura

"Sunkuya, Boryana, ga wata sheƙa nan a hagu!"

Gergana ce ta faɗa tana riƙe da sitiyari, Boryana kuwa ta kifa kai a gwiwa har suka wuce ƙauyen. Haka suka yi ta fama tun daga Plovdiv har suka shiga Girka. Hanyar nan kuwa, kusan kowace falwaya da sheƙar shamuwa a kanta, sai ka ce da gayya.

Tun cikin sanyi Gergana da Neda da Ralitsa, 'yan aji ɗaya a jami'a, suka kama ɗaki a tsibirin Tasos don hutun Ista. Sai sanƙarau ya ɗauke Ralitsa a tsakiyar Maris, kafin ma a gama gane me ke damunta. Biyun suka so fasa tafiyar. Boryana, wadda suke zaune gida ɗaya da marigayiyar, ta ce a'a, gado uku aka kama, ita za ta kwana a na ukun. Amma kada a yi mata kallon tausayi, kuma sunanta Boryana, a kira ta Boryana.

A ƙasarmu Bulgeriya, ranar ɗaya ga Maris, kowa yana ɗaura wa wanda yake ƙauna zare ja da fari a wuyan hannu. Ba ka saya wa kanka. Ranar da ka fara ganin shamuwa sai ka kwance, ka ɗaura a reshen itace mai fure, shi ke nan sai baɗi. To ga Afrilu yana neman ƙarewa, duk garin babu mai zare a hannu sai Boryana. Farin ma ya koma ruwan toka. Ralitsa ce ta ɗaura mata a tsaye a kicin, bakinta cike da burodi, tana saurin zuwa lacca. Muddin Boryana ba ta ga shamuwa ba, babu mai hurumin ce mata ta kwance. Don haka ta daina kallon sama.

A tsibirin ba su ga sheƙa ko ɗaya ba, sai ta samu ta ɗaga kai. Ta sa hular Ralitsa mai ruwan ɗorawa, ta zauna a kan yashi riƙe da tawul, tana kallon sauran suna faɗawa tekun da har yanzu sanyinsa ke yanka ƙashi.

"Ku fito haka nan, mura za ta kama ku!"

"Ji ta! Hutu muka zo ko asibiti?" in ji Neda, haƙoranta na kaɗawa.

A wurin cin abinci Boryana ta zuba ɗan ruwan inabi a ƙasa, kamar yadda ake yi wa mamaci a ƙasarmu, sannan ta fara tambaya. Wa Ralitsa take so? Da gaske ta faɗi jarrabawar Disamba? Tana shan sigari?

"A ɓoye," in ji Gergana. "Kuma ba ta taɓa sayen nata ba, 'yar maula."

Boryana ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar ta zarce kuka. Gida ɗaya, tebur ɗaya, amma ba ta sani ba. Ta ce a ƙara mata labarin Ralitsa, aka ƙara. Wallahi kwanakin nan sun yi mata daɗi, daɗin da ba ta zata ba.

Ranar komawa jirgin ruwa ya sauke su a Keramoti da hantsi. Gergana ta tsaya shan mai, suka fito miƙe ƙafa. Neda dai, bakinta kullum yana gaba da hankalinta. Wata inuwa ta gifta kansu, sai kawai ta nuna sama, ta ƙwala ihun da kowane ɗan Bulgeriya ya saba yi tun yana cin ƙasa.

"Kai, shamuwa!"

Boryana ta ɗaga kai. Wa zai ji ihun nan bai ɗaga ba? Ga ta nan, fara irin ta Turai, fikafikai a baje, tana sauka a kan rufin gidan man.

Neda ta toshe baki da hannu biyu. Gergana ta ce ba shamuwa ba ce, tsuntsun teku ne, ita za ta rantse. Neda ta ce shamuwar Girka ai ba ta cikin lissafi. Boryana ta girgiza kai. Ralitsa ba ta yarda da maguɗi ko a wasan karta, kuma kowa a wurin ya san haka.

Bayan gidan man akwai itacen tuffa da ya yi fure. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da Gergana ta sa haƙori. Inda zaren ya zauna, fata ta yi fari. Boryana ta miƙa hannu ga reshe, sau biyu zaren yana faɗuwa ƙasa. Ta ɗaura shi dai, ta tsaya riƙe da reshen, ta kasa saki.

Matar da ke sayar da man ta leƙo, ta ga mata uku suna kuka a gindin itace. Ta iya Bulgeriyanci kaɗan, irin na ciniki. Gergana ta ce mata ƙawarsu ce ta rasu. Matar ta dafa kafaɗar Boryana, ta tambaye ta ko sun daɗe tare.

"Shekara ashirin da ɗaya," in ji Boryana. "Ni na haife ta."