Bindigar Kebbi

A shingen 'yan sanda na ƙarshe kafin Bukkuyum ne damin rake ya ci amanar Makau. Shinge biyu ya wuce lafiya, har da yi wa wani kurtu kyautar sanda guda. A na uku igiya ta tsinke, rake ya watse a titi, sai ga bindigar toka kwance a tsakiya tana ƙyalli.

Shi dai Makau bai ga laifinsa ba, laifin doka ne. Yana da takardar riƙe bindiga, amma da za a ba shi an ja masa kunne: a jiharka za ka saya, wajen maƙerin da hukuma ta sani. Wanda ya tsallaka ya ɗauko a wata jiha, shi da alƙali.

Maƙerin da hukuma ta sani a garinsu kuwa ɗaya ne, Lauwali, wanda katanga kaɗai ta raba su. Mutumin da ko lauje ya ƙera sai ya yi masa ɗigo uku da ƙusa, wai kada a sace masa suna. Kowace Laraba ya ɗaure buhunan garmuna a babur ya yi kudu, sai ka ce shi manoman duniya ke jira. Kamar Makau, mai saje da turare, wanda ake shirin ba shugabancin 'yan banga tun da ɓarayin shanu suka matsa, shi ne zai rataya ƙirar wannan? A tsakiyar kasuwa ya faɗa kowa na ji, cewa bindigar Lauwali ko zomo ya gan ta gyara kwanciya yake yi.

Shi ya sa ya sayar da ragon Habsu matarsa ba da saninta ba, ya yi kudu har cikin ƙasar Kebbi. Wani dillali ya ja shi bayan rumfa, ya kwance buhu, ya ce duk Zamfara babu mai irin wannan bindiga. Makau ya shafa, ya gamsu. Ai shi ya san aiki in ya gani.

"Baba, ina ka sayo ta?" in ji Sajan.

"Gida, ranka shi daɗe. Wajen Lauwali."

"Raken fa?"

"Rana ka ɓata mata ƙota."

Sajan bai yi dariya ba. Ya aika a ɗauko maƙerin. In ya musa, yau Makau a bayan mota zai tafi Gusau, shugabanci kuma sai labari.

Mutane suka taru. Makau ya gyara hula, gumi na bin saje. Sai yanzu ya tuna da zancen zomo.

Lauwali ya iso hannu duk gawayi, ko kallon maƙwabcinsa bai yi ba. Ya juya bindigar, ya bi bayan kunamarta da babban yatsa.

"Ƙirata ta."

"Ka tabbata?"

"A kawo Alƙur'ani in dahwa."

Lauwali fa, da bai taɓa rasa sahun farko a masallaci ba! Sajan ya miƙa wa Makau kayarsa, ya ce a kwashe raken daga hanya.

Da la'asar Makau ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai.

"Kin ga kwarjini, Habsu? Mutumin da naz zaga cikin kasuwa, yau shi na da shirin rantsuwa bisa ƙarya don ni!"

Habsu, da har yanzu ba ta kwance igiyar ragonta daga turke ba, ta karɓi bindigar. Ta kai ta haske, ta leƙa bayan kunama, ta ɗauko laujen gidan ta jera su. Ɗigo uku nan, ɗigo uku can.

"Malam, ba ƙarya yay yi ba," ta ce. "Ragona kas saida, ka yi tahiyar kwana biyu, don ka sawo bindigar da anka ƙera bayan katangarmu, anka kai Kebbi cikin buhun garmuna."