Ɓerayen Rumbun Inna

Inna ta ɗaga murfin tsohuwar tukunya, sai ga ɓeraye a ciki da ransu, sun yi ɓul-ɓul.

"Tun kaka na hana a sa musu guba," ta ce. "Da hannuna nake ba su masara. Ki tafi da su wurin aikinki."

Bara da na zo gida Malumfashi na ba ta labarin ɗakin bincikenmu. Muna cire wa ƙwayar cuta dafinta, mu aike ta cikin ƙwaƙwalwar ɓera ta gyara ƙwayar halittar da ake gada daga iyaye. Ba ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke tunani muke nazari ba, sai masu ciyar da su, masu share musu datti. Na ce jiran ɓeraye kan jinkirta mu. Wannan kaɗai ta riƙe.

Baba na zaune a gindin dalbejiya. Mutumin da ya san kowace gonar auduga har Funtua, yau ni yake kallo yana tambaya wace baƙuwa ce ta zo. Inna ta goge masa baki da gefen zaninta, ta ba shi kunu, ta dawo.

Da wane baki zan ce mata ɓeran rumbu ba ya shiga ɗakinmu? Ko in ce maganin ciwon mantuwar da muke nema, in ma an samo shi, ba zai riski Baba ba?

"Sun isa, ko in ƙaro?"

Inna ta mayar da murfin.

"Sun isa, Inna," na ce. Na sunkuya na ɗauki tukunyar.