Badukun da Ya Riƙa Cin Haƙoransa

Kai da kake cewa namiji ba ya faɗin abin da ke cin ransa, matso ka ji wannan.

An yi wani baduku a wani gari, gwani ne na gaske, wanda in ya ɗinka kube ko jakar fata sai ka yi ta juyawa kana neman inda ɗinkin ya faro. Ya ba hamsin baya sa'ad da ya lura zare ya fara yi masa gardama a kafar allura. Da farko ya ɗora laifin a kan duhun rumfa, ya jawo buzunsa bakin ƙofa. Bayan 'yan watanni, ko da rana tsaka sai ya miƙa fatar can nesa kafin ya ga inda basilla ta huda. Tsoro ya kama shi, don ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare, ana jan sa da sanda zuwa masallaci. Bai gaya wa kowa ba. A kasuwa yana raha kamar kullum, a gida in matarsa ta tambaya sai ya ce lafiya lau. Ya koma laluben ɗinki da yatsa, aikin yini ɗaya ya zama na kwana uku, in mai kaya ya yi masa faɗa ya haɗiye ya ba da haƙuri. To, abin da ya hana bakinsa faɗa da rana, shi bakin ya riƙa taunawa da dare. Da barci ya ɗauke shi sai muƙamuƙi ya ɗaure tamau, haƙora su hau gugar juna kamar ana niƙa tsakuwa, hannuwa a dunƙule, kafaɗu a ɗage. Da asuba ya tashi kai na sara, wuya ya sage, baki ba ya buɗuwa sai an gasa da tsumma da ruwan zafi. Ya ce ai jan fata da haƙori ne, dukanci ya gaji haka. Ya je wurin wanzami aka kafa masa ƙaho a ƙeya, aka ba shi saiwa ya jiƙa ya sha. Kwana biyu ya ji dama, na uku aka koma gidan jiya. Ana nan har wata safiya ya farka da wani abu mai tauri a kan harshe, ya tofo a tafin hannu, ashe ɓarin turmin haƙorinsa ne.

Matarsa ta daɗe tana kwana tana jin wannan niƙa. Da ta kawo masa koko ta ga abin da ke hannunsa, sai ta ajiye kokon. Ta shiga ɗaki ta ɗauko allura da zare, ta ce, "Malam, zura mini." Ya karɓa, ya lashi bakin zaren, ya kai ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure. Ta zauna gefensa ta ce, "Shekara talatin muna tare, ban taɓa jin kana cin haƙoranka ba sai bana. Kuma na ga ɗinkin takalmin da ka yi mini da sallah, ba hannunka ba ne." Nan ya faɗa mata duka, har da sandar mahaifinsa da yake gani a mafarki. Ranar kasuwa suka shiga mota zuwa asibitin ido a birni, yana tafe yana jiran a ce masa shi ke nan. Wani ma'aikacin asibitin ya duba, ya sa masa gilashi kala-kala, ya ce ba makanta ba ce, shekaru ne, kusan kowa in ya kai nan sai abin kusa ya fara yi masa hazo. Ya dawo da tabarau a aljihu, ya zauna a rumfarsa, ya zura zare sau ɗaya ya wuce. Muƙamuƙin bai saki a ranar ba, don jikin da ya saba da ɗaurewa ba ya kwancewa dare ɗaya. A hankali dai ciwon kan ya ja baya, wuya ya fara juyawa, har wani dare matar ta farka ta rasa abin da ya tashe ta, ashe shirun ɗakin ne. Amma haƙori ya riga ya tafi, har ya tsufa da gefe ɗaya yake tauna nama, kuma da yawa cikin masu kawo masa aiki sun koma wata rumfa ba su dawo ba. Shekara guda ya yi yana ɓoye abin da yini ɗaya ya isa a gyara, shirun bai ƙara masa gani ba ko kaɗan. A gafarce ni da lafazin, amma haka magabata suka faɗa: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.