Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba a ba tsoho feshin insulin, mai hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa mutuwa, sai ya lissafa wa na'urar asibiti sunayen 'ya'yansa. Wanda ya tsallake ko ɗaya, sai a ce maganin ya daina yi masa amfani.

Ɗahiru ne ɗan farin Inna Kande. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, "wannan yaron" take cewa. A kan layi ya durƙusa gabanta.

"Inna, don Allah yau kaɗai ki faɗa. Na'ura ba ta san kunya ba."

Da na'urar ta tambaya, Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ɗahiru, Ladi, Sale," ko ƙifta ido ba ta yi ba. Fitila ta yi kore, aka miƙo kwalbar.

A bakin ƙofa ta riƙe hannun rigarsa.

"Bawan Allah, an gode da rakiya. In ka san Ɗahiruna, ka ce ya zo ya kai ni gida."

Ya kama hannunta.

"To, Inna. Yana hanya."