Suna Har a Safa

"Ko sau ɗaya bai yi kuka ba, Madam, namijin duniya ne!" in ji malamar sansanin hutu.

Hankalin uwar ya kwanta. Ashe kwana uku a dajin Maine ba komai ba ne ga ɗan shekara biyar. Ita ce mai zulumi, ta bi kayansa tana rubuta sunansa, har safa.

A gida ta tuɓe shi wanka, sai ga sunansa a fatar cikinsa, haruffa a karkace, an maimaita har wurin ya yi ja.

"Wa ya rubuta maka?"

"Ni. Mama, ai kin ce duk abin da ke da suna, in ya ɓace, za a mayar da shi gida."