Gida Mai Tarho a Dutse

Takardar ta maƙale a cikin tafireta, Malam Abdulbaƙi ya fizge ta har gefenta ya yage. Ya ja tsaki, ya share gumin da ke bin wuyansa. Tun safe babu wuta a Kiyawa, fankar da ke saman kansa ta zama kayan ado.

Duniyarsa ba ta wuce abin da taga ta nuna masa ba: katangar maƙwabta, darbejiya, da turken awakin matarsa Hadiyya. Tun ranar da motar haya ta kife da shi a hanyar Shuwarin ƙafafunsa suka daina jin magana, koyarwa ta ƙare. A lokacin nan juya wa duniya baya ya yi. Ya daina cin abinci, ya daina amsa sallama, har likita ya ce wa Hadiyya ciwon da ke ransa ya fi na ƙashin bayansa.

Ana cikin haka Isah, ƙanen Hadiyya, direban motar Kano, ya zo da albishir. Wani kamfani yana neman mai fassara littattafan noma zuwa Hausa, kuma ba sai mutum ya taka ofis ba. Isah ne zai kawo aikin, ya mayar, ya dawo da ladan. Aikin nan shi ya tashi Malam daga kwance. Littattafan kan zo tsofaffi, wasu har gara ta ɗanɗana, an taɓa ma aiko masa da ɗaya sau biyu. Malam ya ce manyan kamfanoni ke nan, dama ba ta san abin da hagu ke yi ba.

Sai dai ɗakin ya ishe shi. Shekaru sun tafi, bai taɓa jin ko muryar manajan da yake wa aiki ba.

Ranar wata Juma'a Alhaji Sagiru ya ziyarce shi. Tare suka yi koyarwa, amma tun da aka ba Jigawa jiha likafarsa ta yi gaba. Ya ce yana da ɗan gida a bayan nasa a sabuwar unguwar manya a Dutse, babu kowa a ciki. Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, ga famfo, ga kwalta shimfiɗe har masallaci, kekensa na guragu zai tafi sumul. Uwa uba, akwai tarho.

Malam ya yi ta auna maganar. Dutse ƙaramin gari ne amma kuɗi sun sauka a cikinsa, tumatir ma da girman kai ake sayar da shi. Zai zauna cikin masu gaisawa ta tagar mota, kuma a inuwar wani. Amma da tarho zai kira kamfani da kansa, ya nemi ƙarin aiki da ƙarin lada, ya daina jiran Isah kamar mai jiran damina.

Hadiyya ba mai musu ba ce, amma a kan wannan ta kafe.

"Malam, Dutse ba ta irinmu ba ce. Mu rufa wa kanmu asiri a inda muke."

"Wane asiri? Ke kina fita, kina shan iska. Ni fa? Kabari ne kawai ba a rufe ba."

Ta sunkuyar da kai. Ya lura ta rame, ya ɗauka tunanin shanun gadonta ne, waɗanda ta ce ciwo yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a rugar kawunta. Da ya nemi lambar kamfani, Isah ya ce zai tambayo. Ya dawo ya ce ya manta. Ya sake dawowa ya ce manaja ya tafi Umara. Malam ya gane bakinsu ɗaya da yayarsa: so suke su daddale shi a ɗakin nan har Mahadi ya bayyana.

Saboda haka ya yanke shawara shi kaɗai. Ranar da Hadiyya ta tafi suna Miga, ya aika wa Alhaji Sagiru. Kafin azahar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da 'yan dako. Suka turo shi tsakar gida, rana ta dake shi, ya ji daɗinta. Ya riƙa nuni da hannu: gado, tebur, tafireta a yi mata a hankali. Sannan ya nuna ɗakin ajiyar Hadiyya, mai dogon dokin ƙofa wanda kekensa bai taɓa haurawa ba. Suka ɓalle kwaɗon, suka fara fito da buhuna.

Daidai nan Hadiyya ta yi sallama, suna bai ko watse ba, wani ya kai mata labari. Ta tsaya a zaure mayafi a hannu, tana haki.

"Don Allah ku ajiye wannan!"

Ɗan dakon ya razana, buhun ya suɓuce, bakinsa ya ɓarke. Maimakon gero, takardu ne suka zubo, ɗauri-ɗauri, kowanne an naɗe shi da kyau da zaren saƙa. Ɗaya ya gangaro har gindin keken. Malam ya duba. Bugun tafiretarsa ne, da gyaran jan bironsa a gefe. Ya ɗaga kai ya dubi sauran buhunan da aka jera jikin katanga, sannan ya dubi matarsa.

Hadiyya ta durƙusa a gabansa.

"Babu wani kamfani, Malam. Ni ce nake biyan ladan, kuma jiya Isah ya kai saniyata ta ƙarshe kasuwa."