Ranar da Aka Share Tsohuwar Maƙabarta

Kai da kake ɗokin gyara, zauna ka ji abin da ya sami wani saurayi maɗinki. Ƙanwarsa ta rasu da damina, aka kai ta tsohuwar maƙabarta ta bayan ganuwa, kusa da mahaifiyarsu, ko da yake an daɗe da komawa sabuwa, inda ake kafa allon ƙarfe da suna. A tsohuwar ba a rubutu. Wani ya kifa fasasshen tulu, wani ya dasa aduwa, wani ya aza dutse, kowa ya riƙe alamar nasa a zuci. Shi bakin randar ƙanwarsa ya kifa mata, randar da takan sanyaya masa ruwa. Da kaka ya koma ziyara, ya tarar ruwa ya shafe tudun kabarin, ciyawa ta kai ƙirji, awaki sun yi hanya ta kan mutane. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tare samarin unguwa a ƙofar masallaci ya ce, “Wallahi ko garke ba a bari haka. Iyayenmu ne fa a ciki.” Aka sa ranar gayya, aka raba aiki biyu. Majiya ƙarfi za su shiga da adda da manjagara, shi da wasu su bi tsofaffi gida-gida su ji su wa ke kwance a wurin, kada tarihin gari ya bi masu shi ƙasa. Zancen kada a taɓa alamu bai yi wa kowa ba, gani yake wa bai san wannan ba? Tsofaffi kuwa suka saki baki. Wanda ya haƙa rijiyar farko yana gindin aduwa mai reshe biyu. Mutanen shekarar sanƙarau suna jere inda aka kifa baƙaƙen tukwane. Ungozomar da ta yanke cibiyar rabin garin tana inda dutsen niƙa ya nutse. Kowane suna ɗaure da alamarsa, kamar guga da igiya.

Da la'asar ya dawo maƙabarta, kansa cike da sunaye, sai ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Fili ne fetal kamar masussuka. An sare itatuwa, an ƙone ƙaya, an kwashe duwatsu da fasassun tukwane an tsibe a kusurwa, tsibin ya fi mutum tsayi. Abokinsa ya taho yana sharce gumi yana dariya: “Tela, ya ka ga aiki? Ko tsinke ba mu bari ba. Tarkacen tukwanen nan kaɗai sai da bayanmu ya ƙage.” Maɗinki ya wuce shi. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya nufi inda yake zaton ƙanwarsa take, amma itacen da yake auna wurin da shi babu, ƙasa kuma duk fuska ɗaya. Ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai sauke ta. Sai iska ta taso ta shiga bakunan tuluna a tsibin nan, suka ɗauki wani kuka ƙasa-ƙasa, kowanne da muryarsa, kamar mutane da yawa na magana a bayan ƙyaure. Dariyar samari ta ɗauke.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasar da aka tuɓe wa ciyawa ta zauna. Gari ya waye aka ga ramuka dogaye sun bayyana, jere da jere, duk sun miƙe ta gefe guda, har a tsakiyar hanyar da samari suka fitar, har inda suka zauna suka sha kunu. Babu mai tantance na jiya da na zamanin kakanni. Maɗinki ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana sallama, yana kiran sunan ƙanwarsa a hankali, ruwan da ya kwanta a kowanne yana nuna masa fuskarsa kawai. Tun daga ranar bai ƙara shiga ba. A bakin ƙofa yake tsayawa ya ɗaga hannu, don bai san taku nawa ne tsakaninsa da ita ba, bai kuma san a kan wa zai taka ba.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, garin neman gira an rasa ido.